Kwarin da Na Yanke wa Suna

Ni ne ba ni da gaskiya, kuma tun ranar da na buɗe baki na san haka. Gara in fara da wannan, don na san halina: in na bari labari ya yi nisa, sai in yi ta kewaye-kewaye har in samo wa kaina uzuri. Yayata ce mai gaskiya. Sunan wurin Kwarin Giyayya ne. Ni kuwa na tsaya a ƙofar masallaci na ce wa jama'a Kwarin Giya ne, na kuma ɗora wata magana a kanta wadda ta raba ni da ita shekara da shekaru, alhali katanga ɗaya ce tsakanin gidana da nata, ina jin tarinta tana jin nawa.

Abin da ya fama wannan tsohon miki shi ne zuwan wani malamin kwaleji daga Daura. Ba yaro ba ne, shi ma furfura ta fara taɓa masa gemu. Aikin da ya ɗora wa kansa shi ne bin ƙauyuka a kan babur, tun daga wajen Dutsi har Baure, yana tambayar sunayen wurare da dalilinsu, yana ɗaukar muryar tsofaffi a waya. Ba sunayen garuruwa yake nema ba, waɗannan suna nan a rubuce a bakin titi. Sunan tudu yake so, da na fako, da na burtali, da na kukar da ta faɗi tun ba a haife shi ba. Dagaci ya turo shi wurina, wai duk cikin maza ni ne na fi daɗewa ina taka ƙasar nan. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Har babbar riga na sa, alhali murya kawai mutumin ya ce zai ɗauka.

A zamanin da muka taso, babu taƙin ƙasa a bayan garinmu da ba shi da suna. In Inna ta aike ka kai wa Baba fura, ba za ta ce maka gabas ko arewa ba. Cewa za ta yi, "Ka bi ta Hana-gudu, in ka wuce Gawon Gardama ka saki hanya, suna Fakon Zabi." Hana-gudu wani rairayi ne mai zurfi, jaki ma sai ya yi fushi kafin ya fita daga cikinsa. Gawon Gardama kuwa wasu wa da ƙane ne suka yi ta jayayya a gindinsa kan iyakar gona, har su biyun suka mutu gawon yana tsaye, awakin 'ya'yansu suna cin abin da ya kakkaɓe tare. Akwai Fan Shanya, wani shimfiɗaɗɗen dutse inda mata ke baza kuɓewa da barkono, mu kuma a bar mu da korar awaki, rana tana dafa mana tafin ƙafa. Akwai Kufan Maƙera, inda garma ke tono baƙin kashin ƙarfe. Akwai wata kuka a hanyar kasuwa da ake kira Sauke-kaya, don duk matar da ta ɗauko tallan daddawa ko ƙullin hatsi a nan take hutar da wuyanta, a nan kuma ake jin wa zai yi aure, wa ya saki matarsa. Kowane wuri da amonsa. A Fan Shanya tsawar yara za ka ji, a Fakon Zabi ƙerƙerar zabi tun da sassafe, a bakin rijiya ƙarar guga da dariyar 'yan mata, daga cikin gari kuma lugude yana biyo ka har gona. Ko makaho aka sauke, da kunnensa zai gaya maka inda yake. Yanzu in na tambayi jikana ina gonar ubansa, sai ya ce bayan ƙarfen sabis. Ina babur ya kayar da wane? Wajen gidan mai. To gidan man nan in ya rufe gobe fa? Sai wurin ya koma ba suna, kamar ba a taɓa binne cibiyar kowa a nan ba.

Baba, Allah ya jiƙansa, yakan ce wanda ya raɗa wa wuri suna ba wasa yake yi ba, saƙo ya bar wa wanda zai zo bayansa. A lokacin nakan ɗauka irin maganar da manya ke yi ce don su cika baki bayan tuwo.

Kwarin da nake magana yana kudu da gari, inda ƙasa ta ɗan lotsa. Itatuwan giyayya ne a cikinsa da, masu rassa da yawa tun daga gindi, in sun yi fure sai ka ga wasu fararen dunƙule-dunƙule masu ƙamshi, zuma ta yi ta gunji a kai. Giyayya ba ta fitowa a tudu. Inda ruwa ke kwanciya da damina, nan take zama. Yayata ce ta fara kai ni can a goye, don ni ne auta, ita ta raine ni, Inna tana fama da sussuka da surfe. Ita ke tsinko ganyen in zazzaɓi ya kama wani a gida. Bakina kuwa bai iya faɗin sunan ba. Sai in ce, "Yaya, mu je Giya." Gidan ya kwashe da dariya, Baba ya ce, "To, auta ya fara da wuri." Ita ba ta dariya. Kunnena take murɗewa, ta ce, "Ƙarasa sunan, Auta." Sai in ce, "Giyayya," ina hawaye, ta sakar mini kunne ta ba ni aduwa in tsotsa. Wannan murɗar kunne ta bi ni har na fara zuwa kiwo.

Shekarar da aka yi babban fari itatuwan suka fara bushewa ɗaya bayan ɗaya, mutane suka bi su da gatari. Ranar da za a sare ta ƙarshe, Baba ya riƙe hannuna muka je, ya roƙi masassaƙi ya fitar masa da gunduwa ɗaya mai kyau. Da ita aka sassaƙa mini allona na farko. Ina tuna ƙarar gizago, da ƙamshin ɗanyen itace, da yadda Yaya ta tsaya can gefe da tulu a kai har itacen ya kai ƙasa. Sannan ta ce, "Yanzu saura sunan." A kan wannan allo na koyi Fatiha. Ina so mai karatu ya riƙe wannan, don kada ya yi mini uzurin da ban cancanta ba. Ban manta ba. Wanda ya koyi Fatiha a kan giyayya ba ya manta sunanta.

Na girma, na tafi ci-rani Kudu, ci-ranin da ya cinye mini ƙuruciya. Na yi gadi, na yi dako, na sayar da goro. Karatuna ɗan kaɗan ne, 'yan izu na allo da abin da na tsinta a ajin yaƙi da jahilci, amma na dawo da baki fiye da karatun. Na tarar gari ya manta itacen. Kowa Giya yake cewa. 'Yan acaɓa a tasha suna ta ihu, "Kwanar Giya! Giya saura mutum ɗaya!" Ba wanda ya damu.

Sai Shari'a ta zo. Wanda bai ga lokacin ba ba zai gane irin zumuɗin da aka yi ba. Rediyo ba ta da zance sai shi. Ana ta jin an rufe gidan giya a gari kaza, an watsa 'yan caca a gari kaza, masallatai sun cika har waje. Abu ne mai kyau, kuma har gobe ban ce ba mai kyau ba ne. Shari'a ba ta ce in yi ƙarya ba, ni na yi abata. Matsalarmu ita ce garinmu ba shi da gidan giya, ba shi da 'yan caca, mai kalangu ɗaya da muke da shi ma ya riga ya kurumce. Zumuɗi ya cika mana ciki, babu inda za mu sauke shi. Ni kuma ina son a san na dawo. Ina son in na yi magana a ƙofar masallaci a yi shiru. Sai na tuna da ihun 'yan acaɓa. Na fara cewa abin kunya ne garin Musulmi a ce yana da wuri mai sunan giya, na ƙirƙiro cewa a nan Maguzawa suke dafa burkutu a da, har na ce an taɓa tono tukwanensu. Ba wanda ya tono komai.

Labari ya kai wa Yaya. A lokacin ita ce ungozomar unguwa, ita ce kuma mai wankan gawar mata. Rabin garin ita ta yanke musu cibiya. Da hantsi ta shigo gidana ko sallama ba ta gama ba.

"Auta, me nake ji?"

"Me kika ji, Yaya?"

"Wai tukwane. Tukwanen uban wa? Ina allonka?"

"Yaya, wannan maganar maza ce, ta addini ce."

"Addini ne ya ce ka gutsure suna? Kai ne fa ka fara ce masa Giya, da majina a hanci. Wurin nan ruwa ke kwana. In kuka cire sunan, wa zai gaya wa baƙo?"

Na ce mata na ji. Ban ji ba. Bayan la'asar aka taru, na tsaya na yi jawabi, na ce a mayar da wurin Unguwar Taƙawa. Ana ta kabbara. Sai tsohon ladaninmu, mutum mai sanyin murya, ya ce daga inda yake zaune, "Amma fa na ji yayarka tana cewa sunan itace ne." Aka juyo ana kallona. Da na ce, "Haka ne, na yi kuskure," da shi ke nan, da an yi dariya an watse. Amma na ga idanun nan duka a kaina, na ji daɗin tsayuwar, ban so in zauna ba. Na ce, "Ku rabu da ita. Tsofaffin matan nan, ragowar maguzanci bai gama fita daga jikinsu ba."

Aka yi dariya. Ni ma na yi.

Maganar ta shiga gidaje kafin magariba. Ba wanda ya zage ta, ba wanda ya kore ta. Kawai dai da aka yi rasuwar mace ta gaba, sai aka aika wa wata. Ta bayanta ma haka. Wa zai miƙa gawar uwarsa ga matar da ƙanenta, ciki ɗaya, ya yi wa wannan shaida a ƙofar masallaci? Haihuwa ma sai aka fara wuce ƙofarta. Ba ta zo ta yi mini faɗa ba, da ta zo da na ji sauƙi. Abin da ta yi shi ne ta daina ce mini Auta. In mun haɗu a zaure sai ta ɗan rusuna kamar baƙuwa, ta ce, "Ina wuni, Malam." Ranar sallah ta aiko mini da tuwo, yarinyar ta ce, "Wai a kawo wa Malam." Ban san akwai kalmar girmamawa da ke yanka kamar aska ba sai a bakinta.

Aka yanka filaye a Unguwar Taƙawa, sunan ya yi wa mutane daɗi. Shekarun farko ruwa bai yi yawa ba, na riƙa taka ƙasa da ƙarfi. Da damina mai nauyi ta zo, ruwa ya koma makwancinsa. Katangu suka jiƙe suka zube, har da ɗakin babban ɗana. Allah ya kiyaye rai, amma na ga surukata tsaye cikin ruwa har gwiwa da tabarma a ka. Ko a ranar ban tsallaka katanga ba. Na ce ƙaddara ce. Ƙaddara ce mana, amma na san wanda ya cire alamar daga bakin ramin.

Haka muka tsufa. Idonta ya yi rauni, ta koma dogara sanda. Nakan shirya maganar a raina, in kai ƙofar gidanta, sai in tambayi jikokinta ko sun ga akuyata.

To, da malamin kwalejin nan muka yi ta yawo, ni a bayan babur ina nuna masa. Na ba shi Hana-gudu, ya yi dariya har ya kusa kayar da mu a cikinsa. Na ba shi Gawon Gardama ko da yake kututture ya rage. Wasu wuraren na tsaya na yi ta lalube, sunan yana bakina ya ƙi fitowa, in ce masa, "Wannan sai mata, su ke zuwa itace nan." Ya ce, "Baba, wace tsohuwa za ka haɗa ni da ita?" Na yi kamar iska ta ɗauke maganar. Har muka gangaro kudu, ya tsayar da babur a gaban rusassun katangun nan, ya dubi ƙasar, baƙa mai tsattsagewa, ya ce, "Baba, an ce mini nan Unguwar Taƙawa. Wannan sabon suna ne. Mene ne na da?"

Ya miƙo wayar kusa da bakina. Kafin in yi magana ya ƙara da cewa, kamar yadda yakan gaya wa kowa, "A faɗa a hankali, Baba. Abin da ka faɗa a nan shi jikokin jikokinka za su ji, ba mu nan."

Na buɗe baki, labarin tukwane ya taho da kansa, don ya saba hanya. Sai na ji kunnena na dama yana zafi. Wallahi zafi na gaske, kamar an murɗe. Na ce masa, "Ɗana, kashe abin nan. Rana ta yi, ka dawo jibi."

Tsakanin ranar da jibin ban zauna wuri ɗaya ba. In fita gona in dawo ban taɓa fartanya ba. In zauna a dakali in tashi. Matata ta ce, "Malam, ko kunama ce a tabarmar?" Ƙarya a ƙofar masallaci iska tana iya kwashe ta, na daɗe ina lallashin kaina da haka. Amma wannan za a adana ta da muryata, a riƙa kunna ta bayan an binne mu duka, ni da Yaya, ba mai tashi ya ce sunan itace ne. Na shiga rumbun tarkace na yi ta tono har na samo allon. Gara ta ci gefe ɗaya. Na ɗauka na tsallaka, wannan karon ban tambayi akuya ba.

Tana zaune a inuwar ɗakinta tana ɓarar gyaɗa da lalube. Na yi sallama.

"Maraba da Malam. A kawo wa Malam tabarma."

"Yaya, ba tabarma na zo nema ba." Na ɗora mata allon a cinya. Ta shafa shi, ta bi gefen da gara ta ci da yatsa, ta kai shi hanci.

"Ƙamshin ya tafi," ta ce.

"Yaya, na zo ne in ce ki yi haƙuri da abin da ya faru."

"Me ya faru? Ruwa aka yi?"

"Abin da na faɗa."

"A ina ka faɗa?"

Ta ɗora da cewa:

"A ɗakin nan ka faɗa? In a nan ne, to na ji, tashi ka tafi. Ni ban tuna an tara maza a tsakar gidana ba." Ta miƙo mini allon. "Matan da na so in wanke da hannuna sun tafi, Malam. Ƙawayena ne. Wata tun muna 'yan mata ta ce in ta riga ni kada in bari kowa ya taɓa ta sai ni. Ina jin kukan gidan ta katanga, ba a aiko ba. Wannan ba ka da shi da za ka mayar mini. Abin da kake da shi, ka san inda ka ajiye shi."

Ta ci gaba da ɓarar gyaɗarta.

Ranar da malamin kwalejin ya dawo, na ce masa ba kwari za mu je ba, ya biyo ni masallaci, ya kuma kunna wayarsa in na tashi. Bayan la'asar na roƙi liman ya tsayar da jama'a. Yawancin waɗanda suka yi dariya a wancan taro suna maƙabarta, tsohon ladan ma haka. 'Ya'yansu ne a zaune, da 'yan acaɓa da ke sauri su koma tasha. Can ƙetaren hanya, a gindin dalbejiya, na hango an shimfiɗa 'yar tabarma, Yaya tana zaune da sandarta a gefe, ta juya fuska wani wajen kamar iska ta fito sha.

Na tashi da allon a hannu. Na ce, "Jama'a, shekarun baya na tsaya a nan na yi magana a kan kwarin kudu. To, an samu ɗan kuskure. Kun san zamanin, kowa da zumuɗi, kuma sunan wurin, wato Kwarin Giya…" Na ji kaina na kama hanyar kewaye-kewayen nan tawa. Na tsaya a nan. Wani yaro ya duba agogo.

Sai muryarta ta tsallako hanya, siririya, amma ba wanda bai ji ba.

"Ƙarasa, Auta."

Na share fuskata da hannun riga, na ɗaga allon yadda na baya za su gani, na ce:

"Giyayya. Sunan wurin Kwarin Giyayya ne, sunan itace ne, ga guntunsa a hannuna, a kansa na koyi Fatiha. Ba a taɓa dafa giya a can ba, ba a tono tukunya ko ɗaya ba, ni na ƙirƙira, kuma ina sane. Wanda katangarsa ta zube a can, da hannuna a ciki. Matar da ke zaune a gindin dalbejiyar can ita ta goye ni, ita ta yanke wa iyayenku cibiya, ban taɓa ganin ta bar salla ba tun ina bayanta. Na yi mata ƙazafi a wannan wuri don a ce na iya magana. Yaya, ba kuskure ba ne, ƙarya na yi miki. Ki yafe mini don Allah."